Igwar da Ba Ta San Hansai Ba

Hansai da kakarta, Iya Tabawa, suna zaune a bakin kogi a Yawuri. Suna da kwalekwale, ba sa rasa kifi. Abu ɗaya suka rasa: Hansai ba ta da rajistar haihuwa, domin a tsibiri aka haife ta, shekarar da ruwa ya cinye hanya.

A zamanin nan doka ta ce duk igwar wasan yara, irin ta 'yan fashin teku, sai an maƙala mata idon na'ura. In ta ga yaro a gabanta, ba ta harbi.

Ranar Laraba Iya ta riƙo Hansai zuwa shagon Malam Na'iya, goshin yarinyar a kumbure.

"Malam, igwar da ka sayar wa maƙwabtanmu ta lalace. Dubi jikata."

"Haba Iya, kayana ba sa lalacewa. Uwani, zo ki tsaya nan."

'Yarsa ta tsaya gaban igwar tana dariya. Ya ja igiyar harbi, shiru. Hansai ta tsaya, ya ja, sai ƙwallon roba ya daki ƙirjinta.

Malam ya saki igiyar.

"Iya, yara masu rajista kaɗai take gani. Ki kula da ita a titi. Irin idon nan ne a jikin motoci."

Har gida Iya ba ta saki hannunta ba. Hansai ta gane igwar ba ta lalace ba, ita ce ba a sa cikin yara ba.