Faifan da Ya Fi Ƙarko

"Wanne ya hi ƙarko?" tsohon ya sake tambaya, yana juya sabon faifan sidi da ba a tura komai a kai ba.

Abdulwahabu, mai shagon tura waƙoƙi a kasuwar Gummi, ya ƙare masa kallo. Faifai na biyar ke nan tsohon yana ɗagawa yana ajiyewa, idonsa kuwa na kan kwalin kofe-kofen waƙoƙin da ke ƙarƙashin tebur. An ce jami'ai na yawo cikin farin kaya, suna kama masu satar fasaha. Abdulwahabu ya tura kwalin ciki da ƙafa.

"Ɗana, kana da waƙoƙin Labbo mai gangar noma?"

"Ba ni taɓa kayan sata, Baba."

Tsohon ya miƙo faifan da ya zaɓa.

"Ni ne Labbo. Ranar da anka ƙone ƙauyenmu kaset ko ɗaya ban hitar ba, muryar ma ta tahi. An ce kai kaɗai ka kwahe su duka. Don Allah tura min. Jikokina ba su yarda na taɓa waƙa ba."