Hasken Da Za A Kawo Majidaɗi

Tana tsakiyar bayani wani ɗan takara ya karɓe makirfo daga hannunta.

An shirya walimar ne a unguwar Majidaɗi da ke Jalingo don murnar dawowarta da digirin dakta. Ta gaya wa taron cewa duniya tana da garkuwar maganaɗisu, kuma ita aikinta nazarin awon da tauraron ɗan'adam ke yi a bakin garkuwar. Idan iskar da ke fitowa daga rana ta matsa garkuwar, sai koren haske ya cika sama a can ƙarshen arewacin duniya.

"Kun ji ko?" in ji ɗan takarar. "Haske kyauta, ba waya, ba taransifoma, kuma a Arewa. Danne mana shi aka yi. Ku zaɓe ni in kawo shi Jalingo."

Unguwar ta yi wata da watanni ba wuta, don haka tafi ya ɓarke. Mahaifinta ya sunkuyar da kai. Shanunsa ya sayar ta yi karatun nan, kuma tun da ta dawo ba wanda ya ba ta aiki.

Ta karɓi makirfon don ta ce hasken ba ya zuwa Taraba. Ɗan takarar ya raɗa mata, "Ke ce shugabar kwamitin kawo hasken, da ofis da mota." Sannan ya ɗaga murya: "Dakta, yaushe zai iso?"

Ta dubi mahaifinta, ta gyara murya.

"Ranka ya daɗe, aikin babba ne. Sai a zangonka na biyu."