Banɗakin Leburori

Guduma, filaya, tsohon buhu. Da su suka nufi filin, ita da yayanta, su kwance kwanon banɗakin leburori kafin mai sayen filin ya iso. Banɗakin kaɗai mijinta ya samu ginawa kafin ya rasu.

"Duk auren nan, gadonki masai," in ji yayan. "Yi sauri, ƙanwata."

Ba ta taɓa leƙawa ba sai yau. A daɓen, tun siminti na ɗanye, marigayin ya zana gidansu da ƙusa: falo, kicin, ɗaki biyu. A ƙaramin ya rubuta "Jariri."

Ba ta kai ga gaya masa ba. Ashe ya sani.

Ta dafa cikinta, ta ja ƙofar ta rufe.

"Yaya, kira mutumin. Na fasa sayarwa."