Wa'adin Ranar Asabar

Tsohon Hannu ya dunƙule hannu ya shiga dukan ƙofar hukumar lasisi kamar ita ce ta raba shi da sana'arsa. 'Yarsa na tsaye a bayansa, rungume da fayil.

Direban bas ne, ya tsufa a kan sitiyari, shi ya sa 'yan tasha suka laƙa masa sunan. Watan jiya ya goge katangar wata makaranta da hancin mota. Ba wanda ya ji ciwo, amma hukuma ta karɓe lasisinsa, ta ce in yana da ja ya ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya cika. In ya wuce, shi da tuƙi har abada.

Ja kuwa yana da shi. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha labarin birkin da ya ci amanarsa. A gida ma haka, har rannan garin nuna yadda ya murɗe sitiyari ya tsiyaya shayi a gefen kofi.

Zuwa hukumar ne dai ya gagara. Yau ƙafa, gobe jana'izar wani da ko a hanya ba sa gaisawa. Matarsa ta yi magana har ta gaji. Sai ranar ƙarshe, Asabar, ya tashi da zafinsa, ya sa babbar riga, ya ce a tafi. A hanya ya kama kafaɗar 'yar, wai kada mota ta kaɗe ta.

Ga ƙofa kuma a garƙame.

"Kin gani ko?" ya ce, yadda masu wucewa za su ji. "Mutum ya zo a kan lokaci, su suna gida suna barci. Ke ce shaidata. Duba takardar da suka manna can, me suka ce? Ni ko kallonta ba na son yi."

"Baba, tallar maganin basir ce."

"To, ai shi ke nan. Sun cuce ni. Mu tafi."

Har ya juya, sai ƙaramar ƙofa ta yi ƙara. Maigadi ya leƙo yana gyara hula, ya tambayi abin da ya kawo su. 'Yar ta faɗa masa tana hawaye.

"A'a, ƙanwata, share hawayenki," in ji maigadin. "In ranar ƙarshe ta faɗo Asabar ko Lahadi ko ranar hutu, ba a lissafa ta. Sai ranar aiki ta gaba. Kuna da Litinin sukutum."

"Wa ya tambaye ka?" in ji Tsohon Hannu.

"Baba, ai albishir nake maka."

"Asabar aka ce. Gwamnati ba ta magana biyu."

"Ita ce dai ta yi dokar. Ku zo da wuri. Kafin a saurari ƙara sai an yi wa direba gwaji, ido da kunne da sauransu. Ga tsohon hannu irinka, wasa ne."

'Yar ta yi ta zuba godiya, har ta kira uwarta a waya. Daga inda yake yana jin matarsa tana hamdala.

Shi kuwa ya laluba bayansa, ya samu dakali, ya zauna. Wata guda ya yi yana lallaɓa Asabar ɗin nan don ya tarar da ƙofa a rufe, ya ƙare rayuwarsa yana zagin gwamnati a tasha. Birkin motar lafiyarsa lau, katangar ce bai gani ba.