Farin Yadin Tsohuwar Tarai

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, Iya, muna ji.

Ranar da masu binciken laifukan yaƙi suka bugo waya, wai za su tone ramin da aka zuba gawar ɗanta da na wasu a Sudan, wata tsohuwa a Tarai ta sayar da akuyarta, ta sayo farin yadi a Kibiya.

"Ba sutura aka jefa min yaro," in ji ta. "Su kai masa."

Bayan girbi, matar ɗan ta shigo riƙe da rediyo. "Inna, gwamnatoci sun janye kuɗinsu, aikin ya tsaya."

"Ninke yadin, 'yar nan. Za su dawo."

Ba su dawo ba. Matar ta koma gidansu, ramin yana nan a rufe. Yadin kuwa, da shi aka yi wa tsohuwa sutura.