Jan San da Ubangida Ya Nema

Ƙasar kabarin mahaifinsu ba ta gama bushewa ba Osbert ya shigo garke da igiya a hannu.

Hamon ya san abin da ya kawo yayan nasa. Al'ada ce tun kaka da kakanni: in talakan gandu ya mutu, ubangida ke ɗaukar dabbar da ta fi kyau a gidan. Osbert kuwa shi ne sarkin gandun Ubangida Baldwin. Shi ke tara hatsi, shi ke kora mutane aikin gona, shi ke kai saƙo ya kawo amsa.

"Yaya, jan san? To da me zan yi huɗa?"

"Na roƙe shi har gwiwata ta yi kanta," in ji Osbert yana share ido. "Ka san halinsa. Ni ɗan aike ne kawai."

Hamon ya saki san, amma abin ya ci masa rai. Mahaifinsu ya bi Baldwin yaƙi har ƙetaren teku, ya dawo da ƙafa ɗaya da rabi. Ga tukuicin da aka ba gidansa. In wannan ba cin amana ba ne, Hamon bai san sunansa ba.

Tun shekarar annoba rabin ƙauyen ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Cikin waɗanda suka rage, masu wayo sun sulale birni, inda aka ce yanzu mai gona ke lallashin mai fartanya. Hamon ma ya taɓa ɗaure kayansa. Osbert ne ya tare ƙofa, ya ce mahayan ubangida za su kamo shi su ɗora masa ƙarfe mai zafi a goshi. Hamon ya kwance kaya ya zauna. Mahayan dai har yau ba wanda ya ga ƙurarsu.

Shi ma ubangidan ba a ƙara ganinsa ba. An ce tsoron cuta ne ya sa ya kulle kansa a gidan dutsen da ke bisa tudu, ba mai shiga sai sarkin gandu. Ƙahon farauta ya yi shiru, karnuka suka daina haushi. Cikinsa ne kaɗai bai yi shiru ba: alkama, kaji, ƙwai, duk kaka sai sun hau tudu.

"Sa ɗaya ba ya jan garma," in ji matarsa Emmot. "Ko ni za ka ɗaura a gefensa? Tashi ka je ka durƙusa masa da kanka, ka tuna masa ɗan waye kai."

"Osbert ya ce an hana."

"Osbert ya ce, Osbert ya ce. Shi wuyansa sai kauri yake, kai kana ta zama kara."

Da safe Hamon ya hau tudun. A hanya har tausayin yayan nasa yake ji, bawan Allah da ke shan zagin ƙauye saboda umarnin wani. Ya ƙudura in ya samu fuska, zai roƙa masa sassauci shi ma.

Ciyawa ta kai gwiwa a tsakar gidan. Barga ba doki ko ɗaya, sai shanun da ya sani: saniyar gwauruwar maƙeri, maraƙin mai niƙa, da jan sansa yana tuƙa, da sabon tsagu a kunne. Babban zaure a kulle yake. Ƙaramin cocin gidan ne kawai a buɗe, a ciki tsohuwa Avice, wadda ta yi renon ubangida, tana shara tana laluben bango.

Hamon ya cire hula ya shiga har tsakiya.

"Inna, ni ne Hamon, ƙanen Osbert. Na zo ganin ubangida. Ko zai sa a yi mini bulala, sai ya ji kukana yau."

Tsohuwar ta tsaya da shara, ta juyo wajen muryarsa.

"Ashe bai gaya muku ba." Ta nuna faffaɗan dutsen da ke ƙarƙashin ƙafafunsa da tsintsiya. "Matsa, ɗana, a kansa kake tsaye. Tun shekarar annoba yake nan, kuma yayanka ne ya haƙa ramin."