Shekara Goma da Kwana Tara

"Mutum arba'in kacal hatsarin tashar nukiliyar ya kashe," in ji Farfesa a zauren muhawara. "Wanda ya mutu bayan shekara goma, ba ya cikin lissafi."

Shi ya tsara ƙa'idar, yana kuma ji da ita.

Wata tsohuwa ta miƙe daga baya. "Mijina da shebur ya kwashe ɓaraguzan wurin. Shekara goma da kwana tara yana jinya kafin ya cika."

Farfesa ya duƙufa kan takardunsa. "Sai haƙuri, baiwar Allah. Ya wuce wa'adi."

"Madalla da ilimi," ta ce. "In ka dawo gida, ka tsaya gaban hotonsa, ka gaya wa uban naka ya makara da mutuwa."